Ƙyauren Ɗakin Kawu Mai Aski

Na fara sanin Kawu a shekarar 1968, cikin watan Oktoba, ranar Talata. Ina da tabbacin ranar domin ita ce ranar da na kama aiki a gidan waya, kuma takardar ɗaukata aiki tana nan cikin akwatina har yau. Shekarata ashirin da ɗaya, na fito daga makarantar mishan da rubutu mai kyau, da wando biyu, da wata ɗabi'a ta gyara wa mutane magana wadda ba ta taɓa jawo mini aboki ba. Masinjan ofishinmu ne ya raka ni wani gidan haya a bayan tashar mota, gida mai ɗaki tara da famfo ɗaya a tsakar gida. A bakin ƙofar gidan na tarar da wani siririn mutum yana wasa aska a jikin fata, ga kujera guda, ga madubi rataye a ƙusa. Ya ɗago ya dube ni, amma ba fuskata ya duba ba. Kaina ya duba.

Ya ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Na ce a makaranta mu muke yi wa junanmu.

"Ai na gani. Zauna."

Ban sa ƙafa a ɗakina ba sai da ya gyara mini kai.

Ba kawun kowa ba ne. 'Yan gidan ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har kabari. Ya girme ni da kamar shekara goma. Daga wani wuri mai nisa ya zo, bayan matarsa ta rasu wajen haihuwar fari, ita da abin da ta haifa. Ya binne su, ya naɗe askarsa cikin tsumma, ya hau mota, bai sake komawa ba. Sau ɗaya tak ya ba ni wannan labari, a cikin jimla uku, yana share mini ƙeya. Masu aski mutane ne masu surutu, amma shi sai ya gama kai guda bai ce komai ba ban da "sunkuya" da "ɗago".

Da ƙarshen shekarar ya zo, aka rufe ofisoshi na kwana biyu saboda babban hutu, gidan ya watse. Kowa ya ɗaure kayansa ya tafi wurin danginsa. Cikin ɗaki tara, huɗu ne kawai suka rage da mutane. Akwai ni, da na tashi a hannun 'yan mishan ba ni da gidan zuwa. Akwai Kawu. Akwai wata mata mai guga a asibiti, wadda aurenta biyu suka mutu saboda rashin haihuwa, muna ce mata Yaya. Sai Direba, mai tuƙa motar wani kamfani, ƙato mai babbar murya, wanda matarsa ta gaji da yawonsa ta ɗauki ɗansu ta koma wurin iyayenta.

Ranar hutun ina zaune a bakin gadona da burodi da kifin gwangwani, sai na ji Direba yana ta da murya a tsakar gida.

"Yaya, wannan ƙanshin naki zai kashe mutum! Ke kaɗai za ki cinye tukunyar nan?"

"Ni kaɗai na dafa ai."

"To ga kaza biyu, ki haɗa. Amma yau ba zan ci a ƙasa ba. Shekara guda ina kallon manaja ta taga yana ci a tebur. Yau ni ma a tebur zan ci."

"Sai ka je gidan manajan. Mu nan wa ya ga tebur?"

Ba a daɗe ba na ji ana bugun ƙarfe. Na leƙo, sai ga Kawu da guduma yana zare ƙusoshin da ke riƙe da ƙyauren ɗakinsa. Nasa ne kaɗai ƙyaure mai shafaffen katako a duk gidan. Ya ciccibo shi, ya ɗora a kan benci biyu, Yaya ta shimfiɗa wani tsohon zanen gado da ta goge har yana sheƙi. Sannan ya zo bakin ɗakina ya tsaya.

Ya ce, "Ɗauko burodin naka ka fito."

Na ce na gode, na riga na fara ci.

"A wannan rana ba wanda zai ci shi kaɗai a cikinmu. Fito."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba, don haka na fito.

Daga wannan shekara abin ya zama namu. Da safe Kawu zai yi mana aski ni da Direba. Yaya ta dafa shinkafa da miya. Direba ya kawo kaza biyu da ƙaryar yadda ya same su, kowace shekara da sabuwa. Ni ne mai burodi da ganyen shayi da sukari da madarar gwangwani. Kawu kuwa ƙyaure ne nasa. Muddin muna ci, ɗakinsa a buɗe yake, kowa na ganin gadonsa da akwatinsa da rigarsa biyu a ƙusa. Kowa da mazauninsa. Direba ne a gefen mariƙin ƙyauren, kullum mariƙin yana tokare masa faranti, kullum kuma sai ya yi ƙorafi.

"Shekara goma sha biyu ina ci a karkace! Ɗan Mishan, kai da ka yi karatu, ba dokar da ta hana wannan?"

Ni ne Ɗan Mishan. Sai in ce masa sha uku ne, ba sha biyu ba.

"Kun ji shi ko? Ranar da za a binne ni ma sai ya gyara wa mai haƙa kabari awo."

Yaya ta ce, "Kai dai ci ka rufe mana baki, miya na ɗiga ta ramin makulli a gwiwarka."

"Bar ta, Yaya. Gwiwar ma baƙuwa ce, ta zo hutu."

Kawu ba ya sa baki. Yakan zauna a ƙarshen ƙyauren yana tura wa wannan nama, yana matsa wa wancan ruwa, in dariya ta kama shi sai ya sunkuyar da kai kafaɗunsa su yi ta rawa. Doka ɗaya ce yake da ita, ba a sa hannu sai mun cika huɗu. Wata shekara motar Direba ta lalace a hanya, muka zauna muna kallon abinci ya huce har ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Na ce ko mu ɗan taɓa burodi. Kawu ya dube ni kawai, na janye hannuna.

Shekaru suka yi ta wucewa. Na sami ƙarin girma, na tashi daga gidan zuwa wani ɗan gida mai ɗaki biyu, amma ranar hutu ina nan da burodina tun ƙarfe tara. Na yi aure, matata ta zauna tare da mu shekara tara, muka zama biyar. Ta rasu ba mu haihu ba, muka koma huɗu. Masu haya suka yi ta sauyawa, aka sa wa gidan lantarki, aka rushe tashar motar aka gina shaguna. Yaya ta yi ritaya ƙafafunta a kumbure saboda tsayuwar guga. Samari suka daina zama a kujerar Kawu, suka koma shagunan da ke da injin aski da kiɗa, ya rage da tsofaffinsa waɗanda suke raguwa ɗaya bayan ɗaya. In wani ya tambaye ni dangina nakan yi shiru, amma da aka ba ni fom ɗin fansho aka ce in rubuta wanda za a nema in na mutu, lambar ɗakin Kawu na rubuta.

A watan Agusta na 2006 Direba ya faɗi a bakin famfo, bokiti a hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, wannan murya da ke cika gida ta koma gurnani. Mako uku muna jinyarsa a asibiti, Kawu da sassafe kafin ya fitar da kujera, ni da Yaya da yamma. Wata yamma muka tarar da wani mutum mai kamar shekara arba'in tsaye a kan gadon, da kaya masu tsada da kafaɗu irin na Direba sak. Ɗansa ne. Ya gaishe mu da ladabi, ya yi mana godiya, washegari ya ɗauke ubansa daga asibitin kai tsaye zuwa gidansa. Kayan ɗakin ma wani ya aiko ya kwashe.

Ba zan zalunci mutumin nan ba. Uban da bai goya shi ba, bai kai shi makaranta ba, ya ɗauka ya ba shi ɗaki a gidansa. Ba kowa zai yi ba.

Ni da Yaya muka je dubiya sau ɗaya. Gidan yana can ɗaya ƙarshen gari, sai an hau bas biyu, ga katanga mai tsawo da maigadi. An sa Direba a wani ɗaki na baya kusa da kicin, mai tsabta, da fanka da talabijin a kunne ba mai kallo. Da ya gan mu ya fara kuka, yawu na zuba a ƙirjinsa. Muka dawo muka ba Kawu labari. Yaya ta ce gemu ya cinye masa fuska, kamar ba shi ba. Kawu ya tambaye ni a ina ake sauya bas.

Da hutu ya matso, maganarmu ɗaya ce kullum: yaya za a yi Direba ya ci tare da mu. Mun san gidan zai cika da baƙi, mun kuma san ba wanda zai fito da mai zubar da yawu ya zaunar da shi cikin baƙi. Na ce a bar mini, zan rubuta wa ɗan takarda mu roƙi aron ubansa na yini ɗaya.

Kwana uku na yi ina rubuta ta. Na ja layi da rula kamar yadda aka koya mana, na kasa ta sakin layi bakwai, kowanne da lambarsa. Na faɗi motar da za mu ɗauko, da lokacin ɗauka da na mayarwa, da cewa Yaya ta san aikin asibiti. A na huɗu na rubuta cewa shekara talatin da takwas ke nan mahaifinsa ba shi da wasu dangi da ke cin abinci da shi a wannan rana sai mu. Na zo na karanta musu a tsakar gida.

Kawu ya ce, "Cire na huɗun."

Na ce, "Ƙarya na rubuta?"

"Ba ƙarya ba ce. Cire shi."

"To in ba ƙarya ba ce me zai sa in cire? Shi ne ma hujjarmu."

"Ba kotu za mu ba, Malam."

Na ce shi ya san aska, ni na san takarda. Yaya ta dangwala yatsa a ƙarƙashin sa hannuna. Na miƙa wa Kawu tawada, ya mayar da hannunsa aljihu. Haka na aika da ita da suna biyu.

Bayan kwana biyar ɗan ya zo gidana da kansa. Bai yarda ya zauna ba. Ya ajiye takardar a kan hannun kujera, a ninke yadda na ninke ta.

Ya ce, "Baba, na karanta. Rubutunku yana da kyau. Kun ce shekara talatin da takwas ba shi da dangi sai ku. Ni ma shekarun nan ba ni da uba, ban kuwa rubuta wa kowa takarda ba. Yana cin kaza da ku, uwata tana wankau don ta ciyar da ni. Yanzu da ba ya iya share bakinsa, ni ne danginsa. Don Allah kada ku sake zuwa gidana, ku da matar nan."

Ya fita ya ja mini ƙofa a hankali.

Ranar hutu na iso gidan hayar da ƙarfe tara, da burodina da madarata. Kujerar aski ba ta waje. Ƙyauren yana nan a maƙale a wurinsa, da kwaɗo a jiki. Yaya ta riga ta dafa, har da kaza ɗaya da ta saya da kanta. Ta ce tun da gari ya waye ya fita da jakarsa, bai faɗa mata inda za shi ba. Muka jira. Sha biyu ta yi, biyu ta yi. Da uku ta wuce Yaya ta ce ƙafafunta sun gaji, mu ci. Muka ci a ɗakinta a kan teburin guga, wanda don ƙanƙantarsa sai da muka jera kafaɗa da kafaɗa muna fuskantar bango. Ban taɓa sanin ana jin ƙarar cokali haka ba.

Rana ta kusa faɗuwa ya dawo, yana jan ƙafa.

Na ce, "Ina ka je?"

"Aiki."

"Aiki? Yau?"

"Wani ne gemunsa ya yi tsawo."

Raina ya ɓaci. Na ce masa in hukunta ni yake yi saboda takarda ya fito fili ya faɗa. Na ce shi ya kafa doka shi ya karya ta, mun rasa Direba bai ishe shi ba sai ya bar tsohuwa da tukunya tana jira. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su nan ba. Ya tsaya da makulli a hannu har na gama, sannan ya ce, "Ka ci dai ko?" Ya buɗe ɗakinsa ya shiga.

Daga ranar na daina zama a kujerarsa. Na koma wani shago inda ake yi mini aski da inji cikin minti biyar, ana kallon ƙwallo ta saman kaina. In na zo gaida Yaya mukan gaisa da shi kamar maƙwabta. Shekara ta zagayo, ana jibi hutu ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ka zo ka ci da Yaya." Na zo, ya fita da jakarsa, muka sake fuskantar bango. A ta uku ma ya faɗa mini haka. Na ce ni ba ɗan aikensa ba ne. Na zauna a gidana na ci burodi da kifin gwangwani, Yaya ta ci nata ita kaɗai. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Direba ya rasu a watan Fabrairu na 2009. Matar ɗansa ce ta aiko mana, muka tafi gaisuwa mu uku a bas ɗaya. Na lura wajen sauya bas Kawu ne a gaba, bai tambayi kowa hanya ba. Da muka isa, maigadin ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, tsoho. Ka ji abin da ya same mu ko?" Muna shiga matar gidan ta hango shi, ta taso daga cikin mata ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Mai askin Baba! Wayyo, mai askin Baba, abokinka ya tafi."

Ita ta ba mu labarin, a tsaye a bakin kicin, tana tsammanin mu ne ba mu san shi ba. Ta ce wata Alhamis ce, makonni kaɗan da kawo Baba, wannan tsoho ya ƙwanƙwasa ƙofa da jaka ya ce ko akwai mai son aski. Lokacin sun rasa yadda za su yi, domin duk wanda ya zo da inji sai Baba ya yi ta fizge-fizge. Amma da tsohon nan ya sa masa hannu a haɓa sai ya kwanta lamo, hawaye na bin kunnensa. Tun daga nan kowace Alhamis yana zuwa.

Ta ce, "Ranar hutu kuwa, wallahi kunya nake ji in faɗa. Gida cike da baƙi, ni ina kicin, ba mai leƙa Baba. Sai tsohon nan ya zo tun safe, ya yi askin da ba ya ƙarewa. In na aika da faranti biyu sai ya maido ɗaya, ya ce guda ya ishe su. Ya tayar da shi ya jingina shi da filo, ya ba shi loma ya share masa baki, shi ma ya ci loma, da cokali ɗaya. Na taɓa leƙawa na ga Baba yana dariya da rabin bakinsa. Ni ban taɓa jin abin da suke cewa ba."

Mijinta yana tsaye a bayanta tun tsakiyar maganar. Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya daɗe yana duban Kawu.

Ya ce, "Baba, kai ma cikinsu kake?"

"Ni mai aski ne."

"Sunanka ba ya cikin takardar."

"Ban iya rubutu ba, ɗana."

Mutumin ya rufe fuskarsa da hannu ɗaya. Bai kore mu ba. Da za mu tafi ya rako mu har bakin titi.

A cikin bas na zauna kusa da Kawu. Na ce me ya hana shi gaya mini, fiye da shekara biyu ina cin mutuncinsa.

Ya ce, "Da ka sake rubuta wata."

Ban musa ba. Da na rubuta, ta ban haƙuri, da sakin layi da lambobi, da kuma an gane shi an rufe masa ƙofa.

Mako na zagayowa na je na zauna a kujerarsa. Hannunsa ya fara rawa, ya yanke ni a bayan kunne, ya ce in yafe masa. Na ce ni ne mai neman yafiya. Ya ce, "Sunkuya." Na sa rai da hutun wannan shekara, har na shirya samo wanda zai taya mu sauke ƙyauren. Amma cikin Oktoba Yaya ta ga rana ta ɗaga bai fitar da kujera ba, ta sa aka buɗe ɗakin, aka same shi a kwance ya riga ya huce. Ashe cin da muka yi a 2005 shi ne na ƙarshe da muka haɗu, ba wanda ya sani, har Direba yana ta faɗa a kan an ba shi wuyan kaza.

Kwana uku da binne shi mai gidan ya ce yana son ɗakinsa. Ni da Yaya muka shiga da hantsi muna haɗa kayan, waɗanda ba su cika akwati ɗaya ba. Na ce mata har yanzu ina mamakin tsoho mai shekara saba'in ya riƙa hawan bas huɗu kowane mako saboda mutumin da ko sunansa ba ya iya kira.

Yaya tana ninke riga. Ta ajiye ta, ta zauna a bakin gadon.

Ta ce, "Akwai abin da ba ka sani ba. Ka tuna shekarar da aka tura ka kwas?"

Na tuna. 1974 ce, wata goma na yi ba na nan, hutun ma a can ya same ni. Da na dawo na ga Kawu ya rame, aka ce mini zazzaɓi ya yi.

"Ba zazzaɓi ba ne, tibi ne, tarin fuka. Yana tari har da jini. Masu zuwa aski suka gudu, 'yan gida suka ce a kore shi, aka ware masa kwano da kofi. Ni da ke aiki a asibiti na fi kowa tsoro. A bakin ƙofa nake ajiye masa abinci, in ƙwanƙwasa in gudu, in ya gama in zuba wa kwanon tafasasshen ruwa ina riƙe shi da tsumma. Ranar hutu na dafa, na zuba masa nasa, na kulle kaina a ɗaki. Sai na ji Direba ya shigo da kajinsa yana tambayar ina mutane. Na gaya masa ta taga. Ya ce, 'Yaya, ashe haka kike?' Ya ɗauki kwanon nan da aka ware, ya shiga ɗakin nan, ya zauna a nan inda nake zaune. Ina jin Kawu yana roƙonsa ya fita, shi kuma yana cewa shi ƙarfe ne, ciwo ma tsoronsa yake ji. Suka ci a kwano ɗaya. Daga ranar, duk dawowar da zai yi daga tafiya nan yake cin abincinsa, shi yake ɗaukarsa a mota ya kai shi allura, wata bakwai, har ya warke."

Na ce Direban da ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, yaya aka yi bai taɓa faɗa ba?

"Kawu ne ya roƙe shi, don kada mutane su ƙi zama a kujerarsa. Ni kuma kunya ta hana ni. Su biyun ba wanda ya taɓa goranta mini." Ta share ido da bakin mayafinta. "Ranar da Kawu ya fita da jaka ya bar mu, raina ya ba ni inda ya tafi. Na ƙi gaya maka ne don in na fara sai na kai ƙarshe."

Na lissafa a raina, domin ba na iya barin lissafi. Wata bakwai Direba ya yi masa. Shi ya yi wa Direba shekara biyu da wata huɗu, bai faɗa wa kowa ba, wanda ya yi wa ma ba shi da bakin godiya.

Yaya ta miƙe da ƙyar, ta ce in kama mata akwatin mu fitar, sabon mai haya yana jira a waje.